Tubar da ba ta taɓa aljihu ba



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin wasunmu: "Ai da alheri aka cece mu, ba da aiki ba." Gaskiya ne. Amma an maida ita bargon rufe ɓarna. Mutum yana gaba-gaba a majami'a ranar Lahadi, ranar Litinin kuma tiyarsa ta saye daban, ta sayarwa daban. A watan Agusta, rumbu ya ƙare, ya ba manomi buhun hatsi guda, da kaka ya karɓi biyu. Yarinyar da ke masa aikin gida wata uku ba ta ga kuɗinta ba. In an yi magana ya ce kada a shari'anta shi. Haba!

Ku buɗe Luka sura 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, kowa ya san macuci ne. Yesu bai jira ya gyara hali ba, ya sauka gidansa. Alheri ke nan. To me ya biyo baya? Zakka ya miƙe ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya ce duk wanda ya zalunta zai maida masa ninki 4. A wurin nan Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Bulus ma, a Romawa sura 6, ya ƙi batun a ci gaba da zunubi wai don alheri ya ƙaru.

Wani zai ce: "To da kuɗi ake sayen ceto?" A'a. Zakka bai sayi komi ba, kyauta ya samu. Sai dai wanda aka yafe wa, ana ganin alama a hannunsa.

Mu tuna Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Shugabannin ikilisiya suka fito suka ce an yafe, kowa ya ji. To jama'ar da ta yafe ginin da aka ƙona, yaya za a samu ɗanta yana kai gwauruwa gaban mai gari a kan jika biyar?

Mu kaɗan ne a Nijar. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ma ya hana riba da tauye mudu, yawancinsu ba su taɓa jin wa'azinmu ba. Awonmu a kasuwa suke gani.

Fastoci da dattawa, a daina kau da ido don mutum yana zuba baiko mai kauri. Wanda ya ci haƙƙin wani, ya neme shi wannan makon ya biya, kafin ya tsaya ba da shaida. Mai bin bashin hatsi ya karɓi abin da ya bayar, ba ƙari.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba. Amin.