Miƙa aiki a ɗakin jinya: darasi daga Jalingo

A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce sama da ma'aikatan jinya 15,000 sun bar ƙasar a 2023 kaɗai. A Abuja wannan adadi ne a takarda, amma a Jalingo yana nufin nas ɗaya ta ɗauki nauyin gadajen da ya kamata a raba wa mutane da dama.

Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo na karɓar marasa lafiya daga sassan Taraba masu nisa, ciki har da masu zazzaɓin Lassa, wanda kan tsananta lokacin rani. Inda hannu ya yi kaɗan, dole nas ta miƙa wasu ayyuka ga mataimaka ko ɗalibai: auna zafin jiki, gyara shimfiɗa, ciyar da majinyaci. Abin dubawa shi ne yadda ake miƙawar.

Ƙa'idar aikin a bayyane take. Ana iya miƙa aiki, amma alhakin sakamakonsa yana nan a wuyan wadda ta miƙa. Tantance halin majinyaci da yanke shawarar abin da za a yi ba sa cikin abin da ake bayarwa. Kafin ta ba da aiki, sai ta tabbata wanda zai karɓa ya ƙware, ta faɗa masa alamar da zai dawo ya sanar da ita nan take, sannan ta bi sawu. A sashen Lassa, mataimakin da ba a koya wa cire safar hannu daidai ba yana iya kai cutar gidansa.

Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, aka sake duba ta a 2018. Sai dai manufar ba za ta yi aiki ba sai da horo da sa ido, kuma dukkansu kuɗi suke ci.

Saboda haka, jami'in da ke tsara kasafi ko rubuta wa minista takardar shawara ya tambayi abu uku game da kowane asibitin tarayya: wane aiki aka yarda a miƙa a rubuce, wa aka horar, kuma nas nawa ke bakin aiki da dare don dubawa. In babu amsa, miƙa aiki ya zama sakaci, majinyaci kuma shi ke biyan farashi.