Kilishin Goggo da aka jefa a shara: laifin wa?



Ranar da zan tashi zuwa wani taron matasa a Turai, Goggona ta zo da ƙunshi biyu, kilishin Madawa da cuku, ta ce in kai wa ɗanta da ke karatu can. Ta ce: "Ɗana, shekara uku rabon yaron nan da ɗanɗanon gida." Na ce: "Goggo, in sha Allahu hannu da hannu zan ba shi." Na haɗa da dabino da busasshen kifi, na danna cikin akwati.

Da muka sauka, ɗan duwan ya tambaye ni ko ina ɗauke da abinci. Na ce e. Ya buɗe, ya ware dabino da kifi ya ce in wuce da su. Kilishi da cuku kuwa, a gaban idona ya zuba su cikin wani babban kwandon shara. Wallahi raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan ai wulaƙanta baƙar fata ne kawai. Na fi wata guda ina faɗin haka. Da na zauna na karanta dokar, sai fushin ya juyo gida.

Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara, ko abin da aka yi da su, daga ƙasashe irin namu, ko da ƙwaya ɗaya ce. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk suna ciki. Kifi busasshe ko mai hayaƙi an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2. Tun Disamban 2019 ɗanyun ƴaƴan itace da kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ban da ƴan kaɗan kamar dabino, ayaba, abarba da kwakwa. A Amurka dole ka bayyana duk abincin da ke jakarka. In ka faɗa, iyaka su karɓe wanda aka hana. In ka ɓoye karensu ya sansano, tarar ɗaruruwan daloli na jiranka. Ostireliya kuwa har biza takan soke.

Me ya sa suke wannan tsanani? A 2001 ciwon baki da kofato ya ɓarke a Birtaniya, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6. Bincike ya danganta farkon annobar da wata gonar aladu inda ake ba su ragowar abincin da ba a dafa ba. Wanda ya ga haka ba zai yi wasa da naman da bai san inda ya fito ba. Mu ma mun sani: a 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, aka kashe wa talakawa kaji da agwagi. Cuta ba ta neman biza. Ɗan duwan ɗin da ya zubar da kilishin Goggo ba shi da hanyar sanin wace saniya ce, ina aka yanka ta, wane likita ya duba ta. Makiyayan ƙasarsa yake karewa.

Ba ina cewa babu wariya a filayen jirginsu ba. Akwai, mun ga yadda ake zaɓo mu daga layi a bar wasu su wuce. Amma dokar nama ta hau kan Ba'amurke kamar yadda ta hau kaina. Saboda haka masu ba da shawarar a naɗe kilishi cikin zane a tura ƙasan akwati, don Allah ku daina. Kuna jefa ɗalibai da tsofaffi cikin tarar da ba su iya biya, kuma kowane ƙunshi da aka kama yana ƙara sa a zazzage akwatin ɗan Nijar na gaba.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Nijar ƙasar kiwo ce, kowa ya sani. Amma yawancin dabbobin da muke fitarwa waje da ƙafafunsu suke tsallakawa Nijeriya, ribar yanka da fata da sarrafawa ta tafi can. Namibiya da Botswana, ƙasashen Afirka kamar mu, suna sayar wa Turai naman shanu ta ƙofar gaba, da takardu. Ba sihiri suka yi ba. Sun sa wa shanu lamba, ana iya bin sawun kowace dabba daga garke har mayanka, sun killace yankunan da babu cuta, sun gina mayankan da masu saye suka amince da su. Mu kuwa kilishin da muke alfahari da shi, wanda har ƙungiyar OAPI ta yi wa rajista da sunan Nijar, sai a ɓoye yake shiga Turai kamar kayan sata. Suna ya fita, kaya sun kasa fita.

Sannan ku dubi ɗaya gefen. Cukun Goggo bai shiga ƙasarsu ba, amma madarar gari da aka cire wa manta aka maye da man ja tana shigowa Afirka ta Yamma buhu-buhu, da araha, tana karya farashin nonon matan makiyayanmu. Mai shayi a bakin tasha yana zuba ta, mai sha bai san abin da ke ciki ba. Su suna tsare ƙofarsu. Tamu fa? Muna ta maganar ƴancin kai dare da rana. To ƴancin kai ya haɗa da sanin abin da ke shiga cikin jama'a, da iya sayar da abin da muka kiwata da mutunci.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema ba shi da yawa. A kafa alluna da Hausa, Zabarmanci da Faransanci a filayen jirginmu, masu bayyana abincin da manyan ƙasashe suka hana, kuma masu sayar da tikiti su faɗa wa mutum tun kafin ya ɗaure kaya. Hukumomin kiwo su fito su gaya mana shirin da suke da shi na rigakafi, lambar dabbobi da mayanka na zamani, da ranar da za a gama, don mu riƙa tambaya. A taimaki masu kilishi su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su samu wurin shanya mai tsabta da leda mai hatimi. A kuma tilasta rubuta gaskiyar abin da ke cikin kowace madarar da ake shigowa da ita.

Kafin nan, in za ka tashi, ka duba dokar ƙasar da za ka, ka faɗi gaskiya in an tambaye ka, ka bar nama da cuku a gida.

Da na dawo na shaida wa Goggo abin da ya faru. Ta yi shiru, can ta ce: "To ɗana, dukan shanun nan namu, babu wanda zai iya yi musu takarda?" Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba. Ku taya ni tambayar waɗanda muke biya albashi don su amsa.