Dogon direba a motar tsere: Kishingiɗa ba gyaran kujera ba ne

Duk wanda tsayinsa ya haura ƙafa shida ya san abin da nake nufi. Za ka ga mota 'yar ƙwalisa mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar kadangare, ranka ya biya. Sai ka buɗe ƙofa ka shiga, nan take ido ya raina fata: kai ya tokare rufi, gwiwa ta tokare sitiyari, hular da ka sha kari da ita kuma tuni ta koma kan cinya.

Ni ma dogo ne, na ɗan haura mita 1.9. Ranar da wani abokina ya miƙo min makullin irin wannan mota a Abuja, abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowane dogo ke yi, wato na kwantar da bayan kujera har sai da kaina ya bar rufi. Na yi tafiyar minti goma a haka, hannu a miƙe ƙyam, da ƙyar nake hango hancin motar. Da na zo wata kwana mai kaifi sai da na ɗago bayana daga kujera kafin na iya murza sitiyarin. A nan na gane cewa ratayuwa kawai nake yi a jikin sitiyarin, motar ba ta hannuna.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, kujerar mota sashe ce ta kayan kare rai, daidai da birki da bel. Wanda ya mayar da ita kujerar falo, ko ya kai ta wurin mai walda a yanke a rage don ya samu wurin kai, ya sayi jin daɗin yau da lafiyarsa ta gobe.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Dan Gurney, direban tsere ɗan Amurka mai tsayin mita 1.93, shi ne ya ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1967 tare da A.J. Foyt, a cikin Ford GT40. Lambar 40 ɗin ta samo asali ne daga tsayin motar na farko, inci 40 kacal daga ƙasa zuwa rufi, wato mita ɗaya da 'yan kai. Injiniyoyi ba su ce masa ya ranƙwafa ko ya kwanta ba. Rufin suka yi wa ɗan tudu daidai inda hular kwanonsa take, kuma har yau ana kiran irin wannan tudu da sunansa. Justin Wilson ɗan Birtaniya, shi ma mai irin wannan tsayi, ya rasa damar tuƙa motar Minardi a gasar Formula 1 a 2002 saboda bai shiga cikinta ba, sai a 2003 da aka ƙera motar da la'akari da jikinsa. Shi kuwa Shaquille O'Neal, tsohon ɗan ƙwallon kwando mai mita 2.16, ƙara wa Lamborghini Gallardo ɗinsa tsawo aka yi ɗungurungum. Dukansu motar aka gyara ta dace da mutum, kuma injiniyoyi ne suka yi aikin.

Me ya sa kwantar da kujera ke da haɗari? Bel mai kama wuri uku, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, yana aiki ne idan igiyar ƙasa ta zauna a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji. Da zarar mutum ya kishingiɗa, ƙugunsa ya zame gaba, igiyar sama ta bar jikinsa tana lilo a iska. Idan aka yi karo, jiki yakan sulale ta ƙarƙashin igiyar ƙasa, ita kuma ta nutse cikin tumbi, inda hanji da hanta suke, wurin da babu ƙashin da zai tare ta. Jakar iska ta sitiyari ma an auna ta ne don ta tari ƙirji da fuskar wanda ke zaune daidai. Samarinmu da ke ganin tuƙi a kishingiɗe da hannu ɗaya shi ne gayu, wannan ne abin da suke wasa da shi, ko da kuwa sun ɗaura bel don gudun jami'an kiyaye haɗurra.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mutum-mutumin da aka fi amfani da shi wajen gwajin karon motoci yana wakiltar matsakaicin namiji ne, mai tsayin kusan santimita 175 da nauyin kilo 78. Akwai babba, mai kusan santimita 188. Wanda ya wuce nan ya riga ya fita daga ma'aunin da aka gina motar a kai, don haka shi ne ya fi kowa bukatar ya zauna daidai.

To yaya ake zaman? Jerin yana da muhimmanci, domin yawancin mutane daga ƙarshe suke farawa.

A fara da sauke kujera zuwa ƙasa iya saukarta. Idan gindinta na karkatuwa, a ɗaga gaban a sauke bayan. Wannan ɗan gyara yana ba da wurin kai, kuma yana tallafe cinya, wadda ita ce ke fara gajiya ga mai dogayen ƙafafu. Sai a matsa da ƙugu can cikin lungun kujera, a ja ta gaba ko baya har ya zama idan aka taka birki ko kuloci har ƙasa, gwiwa tana nan da ɗan lanƙwasa. Ƙafar da ta miƙe sak ba ta da ƙarfin taka birkin gaggawa, kuma idan aka yi karo ƙarfin bugun zai bi ta ƙashi kai tsaye zuwa ƙugu.

Bayan haka ne ake taɓa bayan kujera, a ɗan karkatar da shi kaɗan daga tsaye. A motoci masu kujera biyu akwai bango daf da bayan direba, saboda haka ciniki ne: duk abin da ka ƙara wa ƙafa ka rage wa baya. Sau da yawa dogo zai fi samun sauƙi idan ya matso gaba da taki ɗaya ya ɗan karkata, a kan ya tura kujera har ƙarshe ya zauna a tsaye kansa na gogar rufi. Sai sitiyari: a jawo shi kusa, a ɗaga shi ya bar gwiwa. Gwajin da direbobin tsere ke yi mai sauƙi ne. Ka jingina kafaɗunka, ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka tana ba da shawarar a bar tazarar inci 10, kusan santimita 25, tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari saboda jakar iska. Dogaye ba su cika samun matsala da wannan ba, nisa ne ke yi musu yawa.

Matashin kai shi ne abin da aka fi mantawa. Samansa ya kamata ya kai saman kai, kuma ya kasance kusa da ƙeya. Idan ya tsaya a wuya, to ranar da aka buge ka ta baya zai zama abin da kai zai lanƙwashe a kansa. Yawancin kujerun motocin tsere haɗe suke da matashinsu, ba ya hawa ba ya sauka. In ya yi maka gajarta, kujerar ba taka ba ce.

Idan an yi duk wannan wuri bai samu ba, sai a fara tunanin canza wani abu, kuma a nan ne ake ɓarna. Masu Mazda MX-5, 'yar ƙaramar motar Japan da ta fito a 1989, sun daɗe suna rage soson kujera don su sauka da 'yan santimita. A tsofaffin motoci marasa na'ura a cikin kujera, illar ba ta wuce ciwon gindi a kan hanya mai ramuka ba, matuƙar ba a taɓa tudun gaban kujerar da ke hana jiki zamewa ba. Motocin yanzu daban ne. A cikin kujera akwai jakar iska ta gefe, a wasu akwai na'urar da ke gane inda kujerar take a kan layinta, kuma makullin bel da abin da ke tsuke shi lokacin karo sukan kasance a jikinta. Wanda ya cire ta ya sa wata, sannan ya nemi mai wayarin ya kashe masa fitilar gargaɗi da ta kama a gaban mota, ya kashe fitila ne kawai, jakar iskar ta tafi.

Ba na raina kanikawa da masu waldarmu. Na ga aikin da suke yi da hannu wanda zai ba injiniya mamaki. Amma ƙarfen da ke riƙe kujera a ƙasan mota yana ɗaukar nauyin mutum ninki da yawa a cikin ƙiftawar ido, kuma ba a gane ƙarfin walda da kallo. A tura layin kujera baya ta hanyar huda sababbin ramuka a falankin mota, ko a haɗa da guntun ƙarfe da notin da aka tsinta, ganganci ne. Masu son kujerar tsere ta gaske su nemi wadda hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta amince da ita, tare da ƙarafan ɗaurinta da aka yi wa wannan samfurin mota. Su kuma duba kwanan wata, domin irin waɗannan kujeru suna da wa'adi a gasa, shekara biyar ga mafi yawansu.

Mota mai buɗaɗɗen rufi tana da nata sharaɗi. A filayen tsere da dama ana ɗora sanda daga saman gilashin gaba zuwa ƙarfen kariya da ke bayan direba, kuma dole hular kwanonsa ta kasance ƙasa da sandar. Dalilin a fili yake: idan mota ta kife, duk abin da ya fi tsawo shi zai fara taɓa kwalta.

Kamfanoni ma suna da laifinsu, domin sun san mafita. LaFerrari ta 2013 da Ford GT ta 2017 duk kujerunsu a kafe suke, fedoji da sitiyari ne ke matsowa wurin direba. Amma MX-5, wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya, sai a samfurin 2019 ta samu sitiyari mai jawuwa gaba da baya, bayan shekara talatin. Ban ga dalilin da zai sa abin da ke hana gwiwa makalewa ya zama na masu kuɗi kaɗai ba.

Mu a nan akasari ba daga kamfani muke saye ba. A waya ake ganin hoto, a tura kuɗi, mota ta sauka a Legas ko Kwatano, sai ta iso ƙofar gida mutum ya fara zama a ciki. Shawarata ga dogo ita ce ya nemi irin samfurin a wurin dillalai ko wurin wani da ke da ita, ya zauna minti ashirin kafin ya biya. Ya lura ko yana iya ganin danja ba tare da ya sunkuya ba, ko madubin tsakiya na tare masa hanya, ko ƙafarsa na tashi daga totur zuwa birki ba tare da gwiwa ta bugi sitiyari ba. Ya kauce wa mai tagar rufi, domin tana cin wurin kai, kuma kujerar hannu takan fi ta lantarki sauka ƙasa. Mustang, Challenger da Porsche 911 sun fi ƙananan masu kujera biyu karɓar dogaye, ko da yake tsawon ƙafa da tsawon gangar jiki sun bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya samun sakamako daban.

Motar abokin nan nawa, na sake gwada ta daga baya bisa wannan tsari. Ƙafa ta samu wuri, hannu ya kai, amma tsakanin kaina da rufi yatsa biyu ne kawai, ba tare da hula ba. Na mayar masa da makullinsa.