A Ba Su Amsa, Ko da A'a Ce

Duk shekara, daga lokacin da aka fara yankan gero zuwa shigowar sanyi, akwai wasu samari da ƴan mata a Takieta da ƙauyukan Garagumsa da Tirmini da Dakusa waɗanda ba a san sunan da za a kira su da shi ba. Sun ci jarabawar bak, sun yi shekara ɗaya ko biyu a jami'a, sannan suka rubuta takardar neman a mayar da su wata jami'ar. Daga ranar da suka miƙa dosiye, wato tarin takardunsu, suka shiga jira. Ba su bar karatu ba, ba kuma sa cikin aji. Wannan mako a kansu zan yi magana, domin wahalar da suke sha ba ta da hayaniya, shi ya sa ba a cika jin ta ba.

Kafin a ce yaran zamani ba sa zama wuri ɗaya, a fara duban abin da ke sa ɗalibi neman sauyi. Daga Takieta zuwa Damagaram tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, a kan kwalta. Yaron da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram yana iya zuwa gida ranar Juma'a da yamma, ya koma Lahadi da ɗan gero da wake da ƙuli-ƙuli a jaka. Ɗan'uwansa da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai kuwa, fiye da kilomita 800 ne tsakaninsa da tukunyar uwarsa, kuma kuɗin mota kaɗai, zuwa da dawowa, ya isa ya girgiza gidan manomi. Idan uba ya rasu, ko damina ta ƙi, ko ciwo ya kama yaron, dawowa kusa da gida ita ce kawai hanyar da karatun zai ɗore. Akwai kuma mai neman tafiya nesa, saboda fannin da ya gano shi ne nasa ba a koyar da shi inda aka fara tura shi. Akwai yarinyar da aka ɗaura wa aure, aikin mijin kuma yana Maraɗi.

Tsarin jami'o'inmu da kansa shi ke haifar da wannan zirga-zirga. Shekaru da dama ƙasarmu Nijar jami'ar gwamnati ɗaya gare ta, wadda aka kafa a Yamai a 1971. A 2010 aka sami na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Abin alheri ne, kuma mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin daɗinsa. Amma an raba musu fannoni: Tawa ta yi suna a shari'a da tattalin arziki, Maraɗi a noma da kimiyya, Agadas a ma'adinai da makamashi, Difa a muhalli. Ƙasar da ta rarraba ilimi a garuruwa takwas ta riga ta amince cewa ƴaƴanta za su riƙa tashi daga wannan gari zuwa wancan. Saura ta gyara musu hanyar.

A takarda kuwa an gyara. Tsarin lisansi da masta da dakta da ake kira LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi a 2007, an gina shi ne a kan alkawari guda: abin da ɗalibi ya ci ya zama nasa, ya tafi da shi duk inda za shi. Zango shida ne lisansi, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Wanda ya kammala zango biyu a Tawa yana riƙe da 60, kuma bai kamata su zube a hanya ba don ya koma Damagaram. Hukumar CAMES da ke daidaita digirorin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968. Idan har mun yarda digirin Dakar ko na Wagadugu ya yi aiki a nan, babu hujjar da za ta sa sakamakon zango biyu daga wata jami'ar gwamnatinmu ya zama abin tuhuma a ƴar'uwarta.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Sauyin jami'a yana buƙatar yardar gida biyu: wadda za ka bari ta sake ka, wadda za ka je ta karɓe ka. Ta biyun ba za ta duba ka ba sai da takardar makinka, ta farkon kuma ba za ta ba ka takardar ba sai an gama jarabawa, an gama ta gyara ga waɗanda suka faɗi, malamai sun zauna sun tabbatar da sakamako. Da a ce duk jami'o'in rana ɗaya suke buɗewa, rana ɗaya suke rufewa, da sauƙi. Amma yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta yi ta yi a 2018 da 2019 kan batun zaɓen shugabannin jami'o'i ko naɗa su, da rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, sun bar shekarun karatu suna hawan juna, kuma ba kowace tsangaya ce ta farfaɗo a lokaci guda ba. Sai ka ga inda yaro yake so ya je an yi nisa da zangon farko, inda yake so ya bari ko sakamako bai fito ba. Ya zama kamar fasinjan da ya sauka a mararrabar Takieta, motar da ta kawo shi ta wuce Damagaram, ta Matamaye kuma babu wanda zai ce masa ga sa'ar da za ta zo.

Jiran nan kuɗi yake ci. Tallafin karatu na hukumar ANAB da ɗaki da tikitin abinci na hukumar CROU duk a kan rajistar shekarar suke rataye. Wanda bai san inda zai yi rajista ba, bai san inda zai nemi ɗaki ba. Idan ya biya kuɗin rajista a tsohuwar jami'ar don kada ya yi biyu babu, sannan amsa ta zo an karɓe shi, sai a sake neman wasu jikkunan. Idan bai biya ba, amsa ta zo an ƙi, wataƙila an riga an rufe. A gida kuma uba ya sayar da wake ko gyaɗa da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ya ƙulle kuɗin yana jiran a ce ga ranar tafiya. Kuɗin da ke ajiye a gidan talaka ba ya daɗewa a ƙulle: ga suna, ga asibiti, ga maƙwabci ya zo rance. Kafin amsa ta iso sun tsiyaye, waken kuma ya riga ya tafi.

Amma abin da ya fi damuna ba na aljihu ba ne. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ɗansa ke jiran amsar sauyi, ya same ni bayan la'asar, ya zauna, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, “Malam, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Yaron nan korarsa aka yi yake ɓoye mini?” Na ce, “Baba, ba korarsa aka yi ba. Takardarsa tana can, ba a amsa ba tukuna.” Ya ce, “To wace irin takarda ce ba ta da ranar amsa?” Yaron ya ci jarabawarsa, ba shi da laifin komai, amma ba shi da ko guntun rasit mai hatimi da zai nuna wa mahaifinsa. Shirun wani ofis mai nisa ya sa uba ya fara zargin ɗansa da ƙarya. Wannan ɓarna ce da amsar da za ta zo daga baya ba lallai ta gyara ba.

Ku lura da waɗannan yara. Waya ba ta barin hannunsu. Wani ya turo a WhatsApp cewa jerin sunaye ya fito, a ruga a sayi kati, a buɗe, a tarar na bara ne. Gaisuwar da aka saba yi da kyakkyawar niyya, “Yaushe za ka koma?”, ta zama abin da suke gudu, har wasu su daina zuwa majalisa, su daina fita sai dare. Barci ya ƙaurace. Yarinya kuwa, kowane mako da ta ƙara a gida ƙarin ƙarfi ne ga gwaggo da kawu masu cewa boko ya isa haka, ga mai nema ya fito. Namiji kuma yana kallon tsaransa da suka tafi haƙar zinariya, tun daga buɗewar filin zinariyar Jado a 2014, ko suka bi hanyar Aljeriya da Libiya, suna dawowa da babur. Wata biyu ko uku na zaman banza sun isa su mayar da mai son zama injiniya ɗan kabu-kabu, kuma da wuya ya waiwayo.

Shekarar 2023 ta ƙara yawan masu wannan jira. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilu ya koro ɗaliban Afirka ta Yamma daga Khartum, wasu ba su ko fito da takardun makinsu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma, Faransa ta dakatar da ba da biza a Nijar, iyakarmu da Nijeriya ta kasance a rufe har zuwa watan Maris na 2024. Duk wanda ƙofar waje ta rufe masa, ƙofar gida ya dawo yana ƙwanƙwasawa, da karatun da ya faro a wani tsari dabam.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya nemi sauyi a ba shi. Azuzuwa sun cika, malamai ba su wadata ba, kuma idan aka bar ƙofa a buɗe, rabin ɗaliban ƙasar Yamai za su nufa, jami'o'in jihohi su koma kufai. Fannin likita ba zai ɗauki fiye da abin da asibitin koyarwa zai iya ba. Na kuma san ma'aikatan ofisoshin rajista kaɗan ne, dosiyoyin kuwa tuli. Jami'a tana da haƙƙin ta ce a'a. Abin da ba ta da haƙƙinsa shi ne ta riƙe shekarar mutum ba tare da ta ce komai ba. Wanda aka ce wa a'a a watan Satumba zai ji zafi kwana biyu, ya koma inda yake ya ci gaba. Wanda aka bari yana jiran gawon shanu har Janairu, ko an ce masa i, an riga an cinye masa zango guda.

Kuma shirun ba ya cin kowa daidai. Ɗan babban ma'aikaci yana da wanda zai ɗaga waya ya tambaya masa inda takarda ta kwana. Ɗan manomin Dakusa, wanda shi ne na farko a zuri'arsu da ya taka jami'a, ba shi da kowa sai ƙafarsa da kuɗin mota. Inda babu ranar da aka tsayar, sanayya ce ke zama doka, daga nan kuma ƴan “kawo na goro in bi maka” su sami kasuwa.

Masu wa'azin haƙuri ba su yi laifi ba, kuma ni ma shi nake ba yaran idan sun zo. Amma ana haƙuri da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, irin su fari da cuta. Tsayar da ranar amsa bai fi ƙarfin ma'aikatar ilimi mai zurfi ba. Maƙwabtanmu a Nijeriya, da duk matsalolin jami'o'insu, tun 2017 hukumar JAMB ta buɗe hanyar da mai neman gurbi zai duba a wayarsa ya ga inda maganarsa ta tsaya, ya karɓa ko ya ƙi. Mu da muke da jami'o'in gwamnati da ba su kai goma ba, namu ya fi sauƙin haɗawa.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini. Ma'aikata ta fitar da lokaci ɗaya ga duk jami'o'in gwamnati, ranar fara karɓar takardun sauyi da ranar da dole kowa ya ji amsa, a sanar a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu don iyaye su ji da kunnensu. Duk wanda ya miƙa dosiye a ba shi rasit mai lamba da kwanan wata, abin da zai nuna a gida. Idan an ƙi, a rubuta dalili ko da layi ɗaya ne, domin wanda aka ƙi saboda rashin gurbi da wanda aka ƙi saboda takarda ɗaya ta ɓace ba shawara ɗaya za su yanke ba. Takardar maki kuma jami'a ta aika wa jami'a kai tsaye, a daina sa yaro yana yawo da ita a mota tsakanin garuruwa.

Mafi muhimmanci, kada a sare igiyar farko sai ta biyu ta ɗauru. Gurbin ɗalibi a tsohuwar jami'arsa, da tallafinsa, da ɗakinsa, su ci gaba da zama nasa har ranar da sabuwar ta rubuta sunansa, kuma idan ya riga ya biya kuɗin rajista a can, a lissafa masa su a nan. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta saba fita titi kan jinkirin tallafi da abincin kantin, ya kamata ta sa wannan a cikin buƙatunta na bana, ko da yake waɗanda abin ya shafa ba sa cikin harabar jami'a ranar da ake taron, suna ƙauye suna duba waya.