"Yana Wajen Editin": Inda Gajerun Fina-finan Ɗaliban Azare Ke Maƙalewa

A ƙaddara wani ɗalibi ne a Azare, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya tara abokansa biyar, ya aro waya mai kyamara mai kyau, suka kwashe kwana uku na hutun zango suna ɗaukar gajeren fim. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani yaro mai tallar ruwan leda a tashar mota ya tsinci jakar kuɗin wata tsohuwa da ta taho daga garin Katagum, zuciyarsa na ta kai-kawo tsakanin ya mayar ko ya riƙe. Ranar da aka ɗauki fitowa ta ƙarshe an yi ta tafawa, an watsa hotuna a WhatsApp, an rubuta "yana nan tafe". Bayan wata huɗu, duk wanda ya tambaye shi ina fim, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yana wajen editin."

Wanda duk ya zauna cikin matasan da ke sha'awar wannan sana'a ya san amsar nan. A cikinta ake binne fina-finai da yawa da aka sha rana aka ɗauka. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma gaban goshin fim shi ne teburin edita. Ranar ɗauka akwai jama'a da raha da 'yan kallo. Ranar tacewa kuwa daga ɗalibi sai kwamfuta sai sauro. A wannan gaɓar ya kamata makarantu da masu hali na ƙasar Katagum su sa hannu, domin ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ba mai waiwayarta.

Kalmar "tacewa" kanta tana da abin lura. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, da an ce "tacewa" sai hankalin mutane ya tafi kan cire abin da ya saɓa wa tarbiyya. Amma wanda ke tsayawa karanta sunaye a ƙarshen fina-finan Hausa ya san akwai wata tacewar, ta mai haɗa hoto da sauti. Ita wannan ta fi kusa da aikin uwargida mai tace gasara: an niƙo gero da dusarsa, sai ta bi a hankali da ruwa da rariya, abin da ya wuce ya zama koko, abin da ya rage a kai wa tumaki. Ɗalibinmu ya dawo gida da hoton da ya kai awa biyu, fim ɗin da yake so kuwa na minti goma ne. A tsarin talabijin na Najeriya hoto 25 ke giftawa a kowace daƙiƙa, wato minti goma hoto 15,000 ke nan, kuma a tsakanin kowane biyu daga cikinsu ana iya yanka.

A duba fitowa guda kawai, wadda yaron ya raɓe bayan wata mota ya buɗe jakar. Sau uku aka ɗauke ta. A ta farko yaron ya yi wasa kamar gaske, har hannunsa na rawa, sai dai daidai lokacin da ya buɗe baki wani ɗan acaɓa ya danna hon. A ta biyu sauti ya fita tas, amma rana ta karkata, rabin fuskarsa ya shiga inuwa. A ta uku komai ya yi daidai, illa hular da ke kansa a fitowar baya ta koma aljihu, ba wanda ya lura. Dabarar da ta rage wa ɗalibin ita ce ya ɗauki hoton ta farko, ya ɗora masa muryar ta biyu, inda leɓe ya ƙi dacewa da magana kuma ya rufe da hoton hannu yana jan zif. Daƙiƙa ashirin a allo, dare guda a kan kujera.

Sannan ga tambayar da ta fi wannan nauyi: tsawon wane lokaci za a bar fuskar yaron bayan ya ga kuɗin? In aka yanke bayan daƙiƙa biyu aka nuna shi yana sauri, mai kallo zai ce ɓarawo ne. In aka bar fuskar ta kai daƙiƙa shida, aka biyo da hoton tsohuwar tana laluben zaninta, sai a ga yaro mai imani da talauci ke jarrabawa. Wasan yaron bai canza ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya gwada irin wannan. Kamar yadda almajirinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki hoto guda na fuskar wani ɗan wasa, aka jera shi da kwanon miya, sannan da gawar mace a akwati, sannan da yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yaba yadda yanayin fuskarsa ke sauyawa, alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Ɗalibin da ya gano wannan da hannunsa ya koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Akwai kuma wata wahalar da littattafan koyar da fim na ƙasashen waje ba su cika ambata ba, wato kara. Abokin da ya zuba wa babur mai aka je har Katagum ɗaukar faɗuwar rana yana da fitowa ta minti ɗaya, yana zaune a teburin mai shayi yana barkwanci. Fitowar ba ta ƙara wa labarin komai. Da ya ji an cire, sai ya iso da kansa: "Haba mutumina, ni da na ba da kuɗin mai, ko fuskata ba za a gani ba?" Nan ɗalibi ke rasa ta cewa. In ya mayar da ita fim ya yi ƙiba, in ya ƙi zumunci ya yi tsami. Ita ma faɗuwar ranar, da aka sha tafiya dominta, daƙiƙa huɗu take buƙata, amma ransa na raya masa ya bar arba'in.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, abin da ya tashi yana kallo ke nan. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta ginu a kan kaset, daga baya faifai, inda ake raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, domin a sayar da yawa. Yau kuma fina-finai masu dogon zango a YouTube suna buƙatar cike lokaci duk mako. Shi ya sa ake ganin mota ta taho, maigadi ya buɗe ƙofa, ta shiga, ta tsaya, an fito, an gaisa har da tambayar gajiya, ba a yanke ko ɗaya ba. Gajeren fim ba ya ɗaukar wannan. Makaranta ce ta tsimin lokacin mai kallo.

Bayan kai da zuciya, sai kayan aiki. Manhajoji irin su CapCut da KineMaster sun sa ana iya yanka a waya, DaVinci Resolve kuma akwai na kyauta, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, irin wadda ɗalibin da ke lissafin kuɗin kwafin takardu ba zai iya saya ba. Tsohuwar kwamfutar da ya aro wajen yayansa takan ɗau zafi ta tsaya cak a zafin watan Afrilu na Azare. In ya gama ya sa ta fitar da fim ɗin, aikin da ke iya cin awa guda, sai ya zauna yana addu'ar kada a ɗauke wuta. Tayar da janareta kuwa ya zama sai mai hali tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. A watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Ga katin ajiya na araha da kan mutu da aikin kwana uku a cikinsa, ga wayar da aka aro, mai ita ya zo karɓa zai goge komai domin ta cika.

Duk da haka ana gamawa. Wasu samari 'yan uwan juna a Kaduna, da ke kiran kansu The Critics, sun koyi aikin daga YouTube, suka riƙa yin gajerun fina-finan kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, a 2020 kuma fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Abin da ya ɗaga su shi ne abin da suka yi da hoton bayan ɗauka, da kuma cewa sun kammala sun fitar an gani. Haka tarihi ya nuna tun can baya. Ousmane Sembène na Senegal ya yi Borom Sarret a 1963, labarin wani mai amalanke a Dakar wanda bai wuce minti ashirin ba, kafin ya kai ga dogon fim. A maƙwabciyarmu Nijar, Moustapha Alassane ya fara da gajeren fim ɗinsa Aouré a 1962.

Wani zai ce makarantun da ke fama da ƙarancin kujeru ina su ina ɗakin fim. Wani kuma zai kawo batun tarbiyya, kuma ba a manta yadda aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta Jihar Kano a 2016 ba bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Damuwar tana da tushe, amma hannun da ya iya tace fim shi ne ke tace tafsirin watan azumi, da tallar ɗan kasuwa, da bidiyon hawan Sallah, da saƙon rigakafi. Azare na da babban asibitin Gwamnatin Tarayya da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Bayanin minti uku da Hausa mai daɗi a kan awon ciki ko zazzaɓin cizon sauro zai shiga wayoyin ƙauyukan Gamawa da Shira da Zaki fiye da kowace takarda, kuma sai da edita ake yin sa.

Ga kuma tarihi yana jiran mai ɗauka. Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19. Baturen nan Clapperton ya sauka a garin a 1824 ya rubuta abin da ya gani, daga baya a zamanin Turawa aka dawo da hedikwatar masarautar Azare. Dattawan da suka ji labaran nan daga bakin kakanninsu suna ta raguwa. Jihar da ta haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar da littafinsa Shaihu Umar fim a 1976, bai dace a ce sai 'ya'yanta sun bi hanyar Kano sun je Titin Gidan Zoo kafin a haɗa musu hirar minti goma ba.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da jami'ar jihar da ke Gaɗau, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, kowacce za ta iya ware ɗaki guda: kwamfuta uku ko huɗu masu ƙarfi, wutar sola, abin sawa a kunne don jin sauti, da ma'ajiyar da za a riƙa adana aikin kowa a wuri biyu. A sa jadawali, ɗalibi ya rubuta suna ya samu awanninsa. A nemo wanda ya ƙware, ko daga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ya zo ya yi mako guda duk zango. Cibiyar tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, don haka ƙofar ba baƙuwa ba ce. Malaman harsuna su duba fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, wadda ta daɗe tana jawo wa fina-finan Hausa dariya. Sannan sau ɗaya a shekara a cika zaure a nuna abin da aka kammala, waɗanda suka yi fice a tura su bikin fina-finai na Zuma a Abuja ko na KILAF a Kano.

Attajiran Azare da 'yan siyasarta da ke sa kofin ƙwallo duk shekara, kuɗin gasa guda zai iya kafa wannan ɗaki. Shi kuwa ɗalibi mai fim ɗin yaron ruwan leda, kada ya jira a gina masa. Ya kwafe hotunansa a wuri biyu tun yau, ya ba abokin mai shayi haƙuri ya sa sunansa cikin godiya, ya yanke faɗuwar ranar zuwa daƙiƙa huɗu, ya sa wa kansa ranar da zai nuna wa mutum goma ko da a tsakar gida ne.