Tankin Mota Bai San Uzuri Ba

Jama'a, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawanmu muka koma zuba lita uku ko biyar, mota na yawo kullum allura a ƙasa. Halin rayuwa ne ya jawo, amma tankin ƙarfe bai san uzuri ba. Idan ya zauna wayam, iska mai laima ce ke cika shi, musamman da damina. Dare na yin sanyi sai ta zama raɓa, ta gangara ta kwanta a gindi domin ruwa ya fi fetur nauyi. Nan tsatsa ke samun wurin zama. Ni kaina sai da tsohuwar motata ta yi ta shaƙewa a hanyar Zariya, na canza filta sau biyu, na sayi sabon famfon mai, kafin bakanike ya sauke tankin ya nuna mini jan gari kamar an daka jar ƙasa. Ashe jaki na bari ina dukan taiki. Shawarata ita ce, idan tsatsar ba ta ci ƙarfen ba, a sauke tankin a wanke shi tas, a busar. Idan ya huje, a daina liƙa masa sabulu, kuma kada a miƙa shi ga mai walda da ɗanyen aiki, domin tururin fetur da ya rage a ciki ya isa ya fashe da mutum. A canza shi kawai, 'yan uwa, araha ba ta ado.