Filin Masu Motoci: Inda Baƙin Mai Ya Ɗiga Ba Nan Ya Tsiyayo Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai yoyo da damina ya san cewa inda ruwa ke ɗiga ba lalle ne nan rufi ya huje ba. Ruwa yakan shiga ta wata ƙafa can sama, ya bi azara ko katako ya yi tafiya, sa'an nan ya faɗo a kan gadon mai ɗaki. Wanda ya hau ya liƙe daidai saitin gadon ya yi aikin banza, domin da hadari ya sake haɗowa zai koma neman kwanon tara ruwa. To, haka al'amarin yake ga injin mota mai yoyon baƙin mai, kuma a kan wannan batu filin zai yi bayani a wannan mako.

A ɗauki misalin direban motar haya wanda ya fito da asuba ya tarar da baƙin tabo a ƙasa, daidai mahaɗar inji da giyabos. Ya garzaya gareji, makanike ya durƙusa ya leƙa sau ɗaya, ya ce sil ɗin baya ne ya mutu, watau robar nan da ke tare mai a ƙarshen kiranshaf. Ba a kai ga wannan roba sai an sauke giyabos, saboda haka mota ta yini a gareji, aka biya kuɗin kaya da na aiki, ga kuma balas na mai mota yana jira. Bayan kwana uku tabo ya dawo inda yake. Da aka bincika sosai sai aka ga ashe gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe ta baya, mai yana bin jikin inji yana gangarowa. Aikin da bai wuce na sa'a guda ba ya cinye wa bawan Allah yini da abin da ya tara. Irin wannan asara tana aukuwa ne saboda gaggawar yanke hukunci, ba don gyaran yana da wuya ba.

Dalilin ruɗanin a fili yake. Baƙin mai yana kwance ne a kaskon da ke ƙarƙashin inji, wanda a gareji ake kira botom filet. Idan an ta da mota, famfo yakan zuƙo shi ya tura ta cikin filta, ya rarraba shi har saman inji, daga nan ya komo kasko. Wanda ya sami kafa ya fito waje kuwa, nauyinsa yakan ja shi ƙasa, iskar fanka da ta gudu kuma ta kora shi baya. Saboda haka kusan kowane yoyo, ko daga ina ya taso, a gefen kasko ko a bakin giyabos yake taruwa ya ɗiga. Ƙa'idar da gwanayen makanikai ke bi ita ce a nemi wuri mafi tsawo kuma mafi kusa da gaba inda mai ya jiƙa, domin can ne mafari.

Matakin farko shi ne mai mota ya tabbatar cewa abin da ke ɗiga baƙin mai ne. Sai ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin mota da dare, ya yi alamar inda tayoyin gaba suke a jikinsa, da safe ya duba. Sabon man inji launin zuma gare shi, wanda ya daɗe kuwa baƙi ne. Man giya na mota mai canza giya da kanta yawanci ja ne, na giyar hannu kuma yakan yi kauri da wari mai hawa kai. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo, wani kore, wani ja-ja. Farin ruwan da ke zuba daga na'urar sanyaya mota ba cuta ba ne. Amma idan ɗigon yana kusa da taya ne, mai santsi, launinsa fari-fari ko rawaya, ana zaton man burki ke nan, kuma bai kamata motar ta hau titi ba sai an duba ta.

Mataki na biyu shi ne wanki. Injin da ya daɗe yana yoyo yakan haɗa mai da ƙura, musamman da hunturu, har ya yi ɓawon baƙin laka wanda ba a gane sabon jiƙa da tsoho a cikinsa. Tilas a bari inji ya huce, a goge shi da kananzir da burushi ko da sabulun wanke maiƙo, a ɗauraye, a kuma kiyaye kada ruwa ya shiga kayan wuta. Wanke inji mai zafi da fetur ganganci ne da ya sha jawo gobara. Bayan ya bushe sai a ta da shi, a bar shi yana aiki kamar minti 10 ko 15, ana haska shi da tocila daga sama zuwa ƙasa, ana nesa da hannu da bakin riga daga fanka da bel. In ba a ga kome ba, sai a ɗan zaga gari a dawo a sake dubawa. Wata dabara mai araha ita ce a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, domin mai zai zana baƙin layi a cikinta tun daga mafarinsa. Garejin da ke da kayan zamani kuma sukan zuba wani rini a cikin mai, wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota ya nemi rami ko ƙafafun ƙarfe. Kada ya ba jak kaɗai amanar ransa.

Wuraren da ake zargi ana bin su ne daga sama, kuma daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko murfin zuba mai da robarsa, sai gasket ɗin murfin saman inji, wanda zafi ke busar da shi har ya tsage. Alamarsa ita ce ƙaurin mai da ɗan hayaƙi daga bonet idan man ya zuba a kan bututun salansa. Daga nan sai ɗan suwic ɗin da ke kunna fitilar mai, da kuma filta. Waɗannan biyun suna kan hanyar da famfo ke tura mai da ƙarfi, saboda haka yoyonsu yakan tsananta ne sa'ad da inji ke aiki. Idan yoyo ya fara ne bayan an yi juyen mai, to a fara da filta: wataƙila ba ta ɗauru ba, ko kuwa robar tsohuwar ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta. Haka nan notin juye mai, idan washarsa ta lalace ko an murɗe shi har zarensa ya cinye. Bayan su sai gasket ɗin kasko, da kaskon kansa idan ya bugi dutse. Sil ɗin gaba kuwa yakan sa fuli ya riƙa watsa mai a kewaye, ya jiƙa bel. Sai an wanke dukan waɗannan daga zargi, an ga jikin inji a bushe daga sama har ƙasa, sa'an nan za a ɗora laifi a kan sil ɗin baya.

Gano kafar da mai ke fita rabin aiki ne, domin ruwa ba ya tsami banza. A cikin kowane inji akwai iskar da ke kuɓucewa ta gefen fistin ta shiga ɓangaren da mai yake, kuma an yi mata bututun numfashi, wanda makanikai ke kira birida. Idan wannan bututu ya toshe, ko ringi ya cinye har iskar ta fi ƙarfinsa, sai ta matsa wa mai lamba ya nemi mafita ta kowace roba. A irin wannan hali ko an sa sabon sil ba zai daɗe ba. Cika mai fiye da kima shi ma yana jawo haka. Injin ƙaramar mota yakan ɗauki lita 3 zuwa 5 ne, kuma a motoci da yawa tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin sandar awo kamar lita 1 ce. Awon gaskiya shi ne wanda aka yi a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an kashe inji mai ya kwanta.

Akwai kuma man da ke raguwa alhali ƙasa a bushe take. Idan salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, inji ne ke ƙona shi. Idan kuwa man ya koma launin shayi da madara, ko aka ga maiƙo a ruwan lagireto, mai da ruwa sun haɗu ke nan, galibi ta gasket ɗin top silinda. Wannan yoyon ciki ne, kuma kwali ba zai nuna shi ba.

Tsofaffin makanikai sun koyi wannan bincike ne a kan motoci masu sararin inji, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas a wannan zamani. Ita Beetle ba ta da lagireto, iska da mai ne ke sanyaya ta, man nata kuma lita 2 da rabi ne kacal, shi ya sa masu ita ba su wasa da ɗigo. Motocin yanzu kuwa inji a cushe yake, da yawa a gicciye, ga murfin roba sama da ƙasa. Na ƙasan yakan tara mai ya zubar da shi nesa da mafari, saboda haka tilas a cire shi kafin a fara dubawa.

Ya kamata a ja kunne game da magungunan da ke ƙara ciwo. Waɗansu sukan zuba mai mai kauri domin ya rage yoyo, alhali injin zamani da aka yi don siririn mai, irin 5W-30 ko 0W-20, yana iya cutuwa da haka. Waɗansu kuma sukan lafta gam a bakin kasko, wanda rararsa ke gutsurewa a ciki ta toshe rariyar famfo. Ƙara murɗa notuna da ƙarfin tsiya shi ma yakan matse gasket ya fashe, ko ya lanƙwasa murfi. Maganin gaskiya shi ne sabon gasket mai kyau, da wuri mai tsabta, da ɗauri daidai wa daida.

Ba kowane damshi ne ke hana tafiya ba. Wanda bai kai ga ɗiga ba ana iya sa masa ido, ana auna mai kowace safiya. Amma man da ke zuba a kan salansa yana iya kama wuta, wanda ya jiƙa kuloci yakan sa shi zamewa, wanda ya taɓa bel na tayimin kuma yakan ci robarsa. Jar fitilar mai kuwa ba cewa take yi mai ya ragu kaɗan ba. Cewa take ƙarfin tura shi ya faɗi, kuma injin da aka ci gaba da tuƙawa a haka yana iya bugawa cikin 'yan mintoci. Direban da ya gan ta, ko a tsakiyar dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa ne, ya sauka gefen hanya ya kashe mota nan take.

Saboda haka mai motar da aka ce masa a sauke giyabos yana da haƙƙin ya ce, cikin ladabi, a fara wanke inji a nuna masa mafarin yoyon da idonsa. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, domin shi ma sunansa yake karewa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa kowa ya sauka lafiya.